Uwar Layi da Kiran da Ya Katse

Shekarunta hamsin da ɗaya, kuma ita ce mafi daɗewa a ɗakin amsa kiran gaggawa na birnin. Uwar Layi ake kiranta a wurin aiki, har manyan da ke sa mata hannu a takardar hutu. Ta shigo aikin tana amarya, zamanin da wayoyin ke da igiya mai murɗewa. A gabanta aka canza su zuwa na maƙalawa a kunne. Ta haifi 'ya'ya, ta aurar da biyu, duk tana kan kujerar nan ta kusa da taga.

Ɗakin yana hawa na biyu, a saman garejin motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya. Tebura ne a jere, ga babbar taswirar birnin a bango. Idan an kira, ita za ta ji inda abin ya faru, ta tura mota, ta riƙe mai kiran da magana har masu ceto su isa. Daga nan sai ta ajiye ta ɗauki na gaba. Tana jin fitar motocin a ƙarƙashin ƙafarta, tana jin dawowarsu, amma ba ta sauka ta tambayi yadda aka ƙare.

Doka ce a ɗakin, ko da yake ba a rubuce take ba: ba a tambayar ƙarshen kira. Haka waɗanda suka koya mata aiki suka ce mata, haka ita ma ta koya wa duk wanda ya zo bayanta. Takan ce wa sababbi, "Naki ya ƙare da zarar ƙafarsu ta taka wurin. Idan kika ce sai kin san ƙarshen kowa, ba za ki shekara a nan ba." 'Yan gareji ma sun san da dokar. Sukan hau su ɗebi ruwan zafi, su tsokane ta wai ita yaƙinta a inuwa take yinsa, ta ce musu su kakkaɓe takalma kafin su taka mata ɗaki. Amma ba sa kawo mata labari. A ganinsu tausaya mata suke yi.

Bara, wata rana da hantsi, wani bene da ake gab da gama ginawa ya rufta. Kira ya yi ta shigowa daga maƙwabta, amma wanda ya faɗo layinta daga cikin ginin ya fito. Wani mai fenti ne. Kankare ya danne masa ƙafa, yana kwance cikin duhu, waya a hannunsa.

Ta ce, "Kada ka motsa ƙafar. Akwai wani ƙarfe kusa da kai?"

"Akwai gwangwanin fenti, Yaya. Shi kaɗai ya tsira, ko ɗigo bai zube ba."

"To ka riƙa bugunsa da abin da ka samu. Masu ceto suna hanya, za su ji."

Ya yi ta bugu yana mata hira. Ya ce mai gidan ya zaɓi launin da ko akuya ba za ta yarda a shafa mata a turke ba, wataƙila kunya ce ta kayar da ginin. Ta yi dariya, abin da ba ta saba yi a kan layi ba. Ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, ya gaya mata nasa. A hankali muryarsa ta riƙa yin ƙasa, bugun ma ya rage. Ya ce, "Yaya, ƙishirwa nake ji, kuma ga wani..." Sai layin ya ɗauke. Ta kira, ta sake kira, bai shiga ba. Da la'asar ta ji a rediyon aiki ana cewa an fito da gawawwaki. Ta cire abin kunnenta, ta tafi gida, ba ta tambayi kowa ba.

Daga ranar barci ya ƙi ta. Mijinta mai gyaran keken ɗinki ne, shagonsa yana jikin gidan, kuma shekara da shekaru tana jin ƙwanƙwasarsa ba ta taɓa damunta ba. Yanzu da ya ɗaga guduma sai ta ji kamar a kanta yake bugawa. Wata safiya ta leƙa shagon ta daka masa tsawa a gaban mai kawo gyara. Da mutumin ya tafi, mijin ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wai na taka miki wani abu ne ban sani ba?"

"Ba komai, Malam. Gajiya ce."

"Gajiyar da ta fi wata uku? To Allah ya sawwaƙe." Ya koma ya shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin abin da yake bugawa.

A wurin aiki kuwa abin ya fi muni. Waya za ta yi ƙara, hannunta ya miƙa, sai ya tsaya a hanya. Ɗan lokaci ne ƙalilan, amma a wannan aiki ɗan lokacin nan yana iya zama ran mutum. Ta kusa da ita takan ɗauki kiran, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ita ta gani. Ta je wurin shugaban ɗakin ta roƙi a mayar da ita sito, inda ake ajiye barguna da safar hannu.

Shugaban bai ce a'a ba. Ya ce akwai wani horo na mako guda da aka ce kowane sashe ya tura mutum ɗaya, kuma babu mai son zuwa a ɗakin waya. Ya ce, "Je ki huta da ƙarar waya. Idan kin dawo kina kan bakanki, zan sa hannu."

A wani ɗakin taro a bayan asibitin sojoji aka yi horon. Akwai sojoji, 'yan sanda, 'yan kashe gobara da ma'aikatan motar asibiti. Mai koyarwar likita ce da ta daɗe tana aiki da sojojin da suka dawo daga fagen daga. Tun ranar farko ta ce musu ba likitoci za ta mayar da su ba. Aikinsu shi ne, idan wani abu mai nauyi ya faru, su bari 'yan kwanaki su wuce, sannan su zauna da abokin aikinsu su tambaye shi barcinsa, cin abincinsa, ko fushi ya yi masa yawa, ko yana ɗora wa kansa laifi, ko yana da wanda yake gaya wa. Bayan wata guda su sake zama. Idan abin bai sauka ba, su raka shi wurin likita da ƙafarsu.

Ta tambayi ajin su waye ya kamata a zauna da su bayan babban haɗari. Aka ce waɗanda suka ciro mutane. Aka ce direba. Wani ya ce ɗan sandan da ya tare hanya. Likitar ta jira, ba wanda ya ƙara, sai ta ce, "Wa ya fara jin labarin?" Mutane suka waiwayo suna duban Uwar Layi.

Wani ɗan kashe gobara ya ce, "Ai su ba sa ganin komai."

Likitar ta ce, "Shi ya sa. Kai ka gani da idonka, ka san iyakar abin. Ita rabi ta ji, sauran zuciyarta ce ke ƙarasa mata."

A tsakiyar makon aka raba su bibbiyu don gwaji. Ɗaya zai ƙirƙiro wani abu da ya same shi, ɗayan ya yi tambayoyi. Aka haɗa ta da wani saje, gajere, mai furfura da ƙatuwar murya. Ta yi niyyar ƙirƙiro gobarar kasuwa. Da ta buɗe baki sai mai fenti ya fito.

Saje ya gyara zama. "Barci fa?"

"Saje, a hankali. Ba fareti muke ba."

"Yi haƙuri, Yaya. Muryar ce ba ta da birki. Barci fa?"

Ta gaya masa. Ta gaya masa batun guduma, da hannun da ke tsayawa, da sito. Ya saurara bai katse ta ba, kamar yadda aka koya musu. Da ta gama ya yi tambayar da ba ta cikin darasi.

"Wa ya gaya miki ya mutu?"

"An ce an fito da gawawwaki."

"Mutum nawa ne a ginin?"

Ba ta sani ba.

"Ke kin binne mutum ba ki ga gawarsa ba ke nan."

"A wurinmu ba a tambaya."

"Mu kuma a wurinmu ba a cewa mutum ya tafi sai an samu wanda ya gan shi. Tashi mu je garejin naku."

Likitar ce ta tsayar da su. Ta ja kujera ta zauna, ta tambayi Uwar Layi me za ta yi idan amsar ba mai daɗi ba ce. Uwar Layi ta ce ba ta sani ba, amma ko a yanzu ma mara daɗin take ɗauke da ita. Likitar ta ce to kada ta je ita kaɗai, kuma ko me ta ji ta zo ta same ta a asibiti, don labari mai daɗi ba ya dawo da barci shi kaɗai.

Ranar da aka rufe horon, da azahar, Saje ya raka ta. Suka tarar da Dogo, tsohon direban motar asibiti, yana wanke bayan motarsa da tiyo.

Ya ce, "Uwar Layi a gareji? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Har da rakiyar soja. Laifin me muka yi?"

Ta ce, "Dogo, benen nan na bara. Akwai wani mai fenti."

"Mai gwangwani? Ai ni na ɗauke shi. Bugun nan aka bi har aka tono shi. Cajin wayarsa ne ya ƙare, yana ta zaginta. Duk hanya surutu yake mini, wai in rage gudu kada in ƙarasa abin da bene ya fara." Dogo ya kashe tiyon. "Ƙafar dai ba ta tsira ba, an yanke ta daga gwiwa. Amma yana nan, yana haɗa fenti a wani shago. Har ya tambaye ni matar da ke kan waya. Na ce masa ba ma kai muku labari."

Uwar Layi ta zauna a matakin motar, jiƙaƙƙe kamar yadda yake. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta rufe fuska da gefen mayafi. Dogo ya tsaya riƙe da tiyo yana duban Saje.

Saje ya ce, "Ƙyale ta. Haka aka ce mana. Kada ka ce komai."

Dogo ya ce, "Ni da na san haka abin yake, ai da tun ranar na hau."

Ba ranar ta warke ba. Ta yi wata da watanni tana zuwa wurin likitar, barcin ya riƙa dawowa guntu-guntu. A gida ta zaunar da mijinta ta ba shi labarin tun daga farko. Ya ji, ya girgiza kai, ya ce shi har ya fara tunanin sayar da gudumar ya koma ɗinki. Da shugaban ɗakin ya tambaye ta batun sito, ta ce a ba wa mai son barguna. Hannunta ya daina tsayawa. Ba ta je neman mai fentin ba, ta ce sanin yana numfashi ya ishe ta.

Yanzu ita ce mai zama da ma'aikatan ɗakin waya idan kira ya yi musu nauyi. Ba ta rushe tsohuwar dokar gaba ɗaya ba. Wanda ba ya son sani, ba a tilasta masa. Wanda yake so sai ya gaya mata, ta sauka gareji ta jiyo, ta dawo su zauna tare kafin ta faɗa. Ba duk amsoshin ne masu daɗi ba. Wata ma'aikaciya ta nemi ƙarshen kiran wata uwa da jaririnta ya daina numfashi, kuma jaririn bai rayu ba. Uwar Layi ta faɗa mata a sarari, ta zauna da ita har aka tashi aiki, bayan wata guda ta raka ta wurin likita. Ma'aikaciyar tana nan a teburinta.

'Yan gareji ma sun canza. Dogo yakan leƙo ya ce, "Uwar Layi, mai naƙudar nan ta safe, namiji ne, kuma a motata ya zo duniya. Wa zai biya ni wanki?" Takan ce masa ya je ya tambayi uban ɗan. Saje yana kiranta lokaci zuwa lokaci daga barikinsu, su yi musayar shawara, ta janye wayar daga kunne saboda muryar.

Makon da ya wuce tukunyar gas ta fashe a wani gidan cin abinci. Kira ya yi yawa har shugaban ɗakin ya zauna da kansa yana ɗauka. Bayan 'yan kwanaki ya tsaya a gefen teburinta yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, sannan ya tambaye ta ko tana da ɗan lokaci. Jiya ta bar layinta a hannun ta kusa da ita, suka zauna a matakalar baya, ya yi magana ta saurara har shayinsu ya huce. Da suka tashi ta ce masa ya dawo bayan wata guda, ko da ya ji kamar ya warke.