Sunan ɗan fari

Aikina a likitar garinmu, wato ƙaramin asibitinmu, can gefen Dogo-Dogo, awon jarirai ne da yi wa mata bayani. Da aka nemi wanda za a tura Magariya ya koyo yadda iyaye za su yi magana da 'ya'yansu matasa masu ciwon damuwa, majo, babban ma'aikacinmu, ya nuna ni. Wai don bakina ba ya gajiya. Na harare shi, na hau kabu-kabu na tafi.

Abin da aka koya mana ba shi da yawa: ka zauna kusa da yaro, ka kira sunansa, ka yi masa tambaya ɗaya, sai ka kama bakinka. Kama bakin nan ne ya fi ba ni wuya, ni da ko a gidan makoki sai an zungure ni.

Da na dawo, na riƙa tara iyaye a rumfar likita muna gwadawa, ni ce yaron, su ne iyayen. Wani dattijo ya tsare ni da ido ya ce, "Me ka rasa a gidan nan? Ci ko sha?" Na ce, "Baba, ai wannan tambayar jandarma ce, ko ni sai na haura katanga." Aka yi ta dariya, har da shi.

Wadda ba ta yi dariya ba maƙwabciyata ce, da zana kaɗai ta raba gidajenmu. Ɗan farinta ne ba lafiya. Kakarsa ta raine shi, kamar yadda aka saba, ita ce abokiyar hirarsa. Da tsohuwar ta rasu ya dawo gidan uwa, ya daina zuwa kolej, ya daina wanka, tuwo sai ya kwana a rufe a ƙofar ɗakinsa. Ranar da na kai shi wurin majo, a hanya ya ce mini, "Gwaggo, gara in bi Kaka." Na ce uwarka fa? Ya ce, "Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba."

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, kunya ce. "Wannan yaron" take cewa. Amma ni na san tsokar da ta fi kowace girma ita take binnewa a ƙarƙashin tuwonsa, ta aiki ƙanwarsa ta kai. Shi ina zai sani?

Majo ya ba shi magani, ya ce kada a bar shi shi kaɗai. Ni kuma na sa uwar a gaba. Na ce, "Ga ni, ni ce shi, kira ni." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Yaya, ki rufa mini asiri, harshena ba zai ɗauka ba." Raina ya ɓaci, na ce kunyar nan ita za ki rungume in ya tafi? Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, don ina son matar nan kamar ciki ɗaya muka fito.

Sai muka sauko ƙasa. Na ce bar sunan tukuna, kada ma ki dube shi. Ɗauki kwandon gyaɗa ki zauna a ƙofar ɗakinsa kina ɓara. Haka ta yi ta yi kullum da hantsi. Wata rana ya fito ya zauna, ya ba ta baya. Can ya miƙa hannu cikin kwandon. Haka suka cika tiya ba wanda ya ce uffan, ni kuwa ina bayan zana kamar in tsallaka in yi masu maganar.

Ranar kasuwar Sassumbrum, gari ya watse, ina shanya sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa. Ta kira sunan. Sunan yanka, cikakke.

Ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya. 

Ya ce, "Inna, ni?"

Ta ce, "Kai. Me ka fi tunawa da Kaka?"

Ta kuma kama bakinta, wallahi ta fi ni iyawa. Ya fara magana, yana yi yana tsayawa. Na bar sauran wankin a bokiti na shige ɗaki, don wannan hirar ba tawa ba ce.

Har yanzu yana zuwa wurin majo, akwai ranakun da ba ya fitowa. A gaban mutane kuma "wannan yaron" take cewa, ba ta fasa ba. Amma tuwonsa yanzu da hannunta take kai masa, ta zauna har ya tarar da tsokar.