Sunan da Baba Mati Bai Taɓa Faɗa Ba

Kafin a san ni da sata, an san ni da saurin hannu a kan tafireta. Ni ɗan mai sayar da goro ne a Malumfashi. Na gama elementare, kuma ba a daɗe da samun 'yancin kai ba kawuna ya kawo mini wata tsohuwar tafireta daga Funtuwa. Na kafa tebur a gindin durumi kusa da gidan waya, ina rubuta wa mutane wasiƙa, ina karanta musu wadda aka aiko. Sunana ba zan faɗa ba, yarana, don ina da jikoki a makaranta. Sauran kuwa zan faɗa duka.

Cikin masu zuwa wurina akwai Baba Mati, wani Bamaguje manomi daga wata unguwa a bayan Ƙarfi. Ɗansa na fari, Nomau, ajinmu ɗaya, benci ɗaya ma. Shi ya wuce gaba da karatu har ya sami aiki a wani babban ofis a Ikko. Da yake babu mai karatu a gidansu, sai yake aiko da wasiƙa da saƙo ta hannuna. Duk ranar kasuwa Baba Mati zai iso da matarsa, Inna Lami, su zauna a tabarmata in karanta musu.

A wata wasiƙa Nomau ya saka wani kati mai ɗan tsawo, cike da ƙananan ramuka. Ya ce a ofishinsu akwai injin da ya cika ɗaki guda, ana ce masa kwamfuta. Ba ya jin magana, ba ya gane rubutun hannu, ramukan nan kaɗai yake karantawa. Aikinsa shi ne ya zauna gaban wani inji mai maɓallai irin na tafireta yana huda katin. In ya gama, wani ma'aikaci dabam zai sake bugawa daga farko, in an sami kuskure ko na rami ɗaya ne, injin ya cije. Baba Mati ya ɗaga katin yana leƙen rana ta ciki, ya ce, "Kai! Duk shekarun nan a makaranta, ashe aikin gara aka koya wa yaron nan?" Inna Lami ta yi dariya har da hawaye, sannan ta karɓe katin ta ƙulle a bakin zanenta.

Ku lura, "yaron nan" ya ce. Kunyar ɗan fari ce, ba su kiran sunansa. Inna Lami ma ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. Sai an gama karatu za ta kalli gefe ta ce, "Mutumin Ikkon bai ce komai a kan tsofaffi ba?" Ni kuwa in ce, "Inna, ya ce a gaishe ki da kyau." Wannan gaisuwar take ɗauka ta tafi da ita gida.

Abin ya fara ne da sabulu. Nomau ya aiko da ƙunshi, na buɗe, ƙanshin ya buge ni, na zare ɗaya na ce ai ladan ɗawainiya ne. Da na zo karatu sai na tsallake layin da ya ambaci sabulun. Ba wanda ya ankara. Daga sabulu sai tocila, daga tocila sai bargo. Shi Nomau can akwai mai sake bugawa a bayansa. Ni abin da na faɗa shi ne wasiƙa, babu mai dubawa.

Akwai ranar da ya rubuto mini ni kaina. Ya ce ana neman masu iya tafireta a koya musu huda kati, ya yi magana a kaina, in hau jirgi in taho. Wallahi na so zuwa, na yi kwanaki ina tunanin ɗakin injin nan. Amma da wane ido zan dube shi, bargon uwarsa yana kan gadona? Na amsa masa cewa mahaifina bai yarda ba, alhali ko gaya masa ban yi ba.

Da damina ta zauna, Inna Lami ta kamu da tari. Tun tarin bai yi tsanani ba Baba Mati ya sa na ambata a wasiƙa, Nomau ya aiko da magani a kwalba, na sayar wa wani a kasuwar Dayi. Da ciwo ya tsananta, Baba Mati ya zo shi kaɗai. Ya ce, "Ɗan Malam, rubuta wa yaron nan, ka ce tsohuwa tana son ganinsa kafin a yanke gero." Na san in Nomau ya taka garin nan asirina ya tonu. Sai na buga cewa kowa lafiya, tari ya tafi, kada ya wahalar da kansa. Tsohon yana zaune yana jin ƙarar tafireta yana gyaɗa kai, har ya sa mini albarka.

Sau ɗaya ta sake zuwa, a kan jaki, ta rame ƙwarai. Wasiƙar da ke hannuna a ranar cike take da tambayar jikinta, amma kusan kowane layi ya ambaci maganin da na sayar. Na karanta musu labarin ruwan Ikko da tsadar doya, na naɗe takarda. Ta yi tambayarta ta kullum, ni kuma tsoro ya sa na ce, "Wannan karon bai ce komai ba, Inna. Aiki ne ya yi masa yawa." Ta ce, "To, Allah ya taimaka." Ba a yanke gero ba ta rasu.

Ko mutuwar ban rubuta masa ba. Maimakon haka na shirya wasiƙa da bakin Baba Mati ina neman rediyo, kuma don ta ratsa shi na ƙawata ta. Na fara da cewa, "Zuwa ga ɗana Nomau, abin ƙaunata." Af! A nan wayona ya ƙare. Nomau ya faɗa daga baya a gaban alƙali cewa tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, yana ganin layin nan ya san ba maganar gidansu ba ce.

Bai aiko da amsa ba, shi ya zo. Ya sauka a tashar jirgin Funtuwa, ya wuce Ƙarfi kai tsaye da turmin atamfa da ya sayo wa uwarsa, wadda ta yi wata uku a ƙasa. Kashegari da hantsi na ɗaga kai na gan shi a gaban teburina da ɗan doka. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi, "Abokina, da ka ce kana son bargo, ai da biyu zan aiko." Aka yanke mini shekara biyu.

A gidan yari sauro da dutsen da muke fasawa ba su dame ni kamar "To, Allah ya taimaka" ɗin nan ba. Na tuba ga Allah, na yi kuka, amma na san akwai haƙƙin da ba a yafe shi daga nesa. Da aka sake ni ban tsaya gida ba, na kama hanyar Ƙarfi a ƙasa.

Na tarar da Baba Mati a gindin rumbu, ido ya kusa mutuwa. Da muryata ya gane ni. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo ka yafe mini." Ya dafa rumbun ya miƙe. Sannan ya shiga ɗaki da lalube, ya fito da wata tukunya, ya ajiye a gabana. Duk wasiƙun ne, ko ɗaya bai yar ba. Ya ce, "Yaron nan ya so ya karanta mini, ya kasa. Kai ka ɓata su, kai za ka gyara. Karanta yadda suke."

Na karanta ɗaya bayan ɗaya, da sabulun, da tocilar, da bargon. Da na iso ta ranar jakin nan, na karanta ta yadda take. Nomau ya rubuta: "Yaya jikin Inna? Tana shan maganin kuwa? Ku gaya mata ina tunaninta kullum. In ta ce in zo, ranar zan taho, aiki ba uwata ba ne." Baba Mati ya riƙe hannuna ya ce, "Tashi. Wannan ba tawa ba ce." Ya ja ni bayan ɗaki, inda kabarinta yake, ya ce, "Sake karantawa da ƙarfi, tana nan."

Yarana, yau injin da ya cika ɗaki ya dawo cikin aljihunku, da yawanku kuma a kansa za ku ci abinci. Ku koya, aiki ne mai kyau, ni na yi wa kaina asararsa. Amma duk inda kuka zauna tsakanin wanda ya sani da wanda bai sani ba, saƙon mutane zai riƙa bi ta hannunku, kuma sau da yawa babu mai dubawa. Kada ku zare ko sabulu ɗaya, kada ku tsallake ko layi ɗaya. Baba Mati ya yafe mini kafin ya rasu, Nomau ma ya yafe bayan shekaru. Wadda na fi cuta kuwa ba ta san ma na cuce ta ba. Ta tafi tana zaton ɗanta bai tambaye ta ba, kuma ni na gaya mata haka.