Sun Soke Makin Lauwali Saboda In'ina

Jami'a ta soke makin kundin ƙanena Lauwali, ta ce ba shi ya rubuta ba. Hujjarsu ba ta wuce cewa yana in'ina ba. Kuma a cikin malaman da suka yanke hukuncin har da Sama'ilu, ɗan unguwarmu a Roni, wanda tun yana yaro tare suke sa hannu a kwano ɗaya da Lauwali a ɗakin Innarmu.

Ni ce Dela, yayar Lauwali. A bayana ya girma, don haka ba labarin wani zan ba ku ba. Tun da ya fara magana harshensa yake sarƙewa. A gidanmu doka ce, in ya tsaya a kan kalma ba mai ƙarasa masa, sai a jira. Babanmu ya taɓa korar wani baƙo daga zaure don ya yi masa dariya. In an yi haƙuri maganar za ta fito, in an matsa masa ta ƙara ƙullewa. Kowa a Roni ya san haka.

Abin da bakinsa ya kasa, hannunsa ya iya. Shekarar da aka sami 'yancin kai yana babbar firamare a Kazaure, hedimasta ya sa 'yan aji su rubuta jawabin da za a karanta ranar biki. Na Lauwali aka zaɓa. Da yake ba zai iya tsayawa gaban taro ba, sai aka ba Sama'ilu, mai murya kamar ta gidan rediyo. Ya karanta, aka yi ta tafi, manya suna tambayar ɗan wane ne. Lauwali yana can baya cikin masu riƙe tuta, yana murna har kunne. Daga nan aka tura Sama'ilu sakandare, ya wuce jami'a. Lauwali ya tafi kwalejin horon malamai, ya dawo ya koyar a Gwiwa, sannan Babura. Masu cewa mai in'ina ba zai iya aji ba, su je su tambayi yaran da ya koyar. Allo yake cikawa da rubutu, lissafi kuma da waƙa yake koya musu, don in yana rerawa harshen ba ya sarƙewa.

Da kuɗin mai ya shigo aka buɗe wa tsofaffin malamai ƙofar ƙaro ilimi, ya samu shiga jami'a yana da mata da 'ya'ya. A can ya tarar da Sama'ilu ya zama malami a sashensu, ɗaya daga cikin 'yan ƙasa da suka gaji kujerun Turawa. Mun yi murna, mun ce ga namu a ciki.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan rubuta dogon kundi da Turanci. Lauwali ya ɗauki gyaɗa: yadda fari da cutar ganye suka kashe nomanta a ƙasar Roni da Gwiwa, da abin da manoma suka koma yi. Hutun damina muka yi muna yawo ƙauye ƙauye a bayan babur ɗinsa. Shi yake rubuta tambayoyin, ni nake yi wa mutane da baki, shi kuma yana ɗaukar amsa. Turancina na sakandare bai kai ya gyara masa ko layi ɗaya ba.

Malamin da ya fara duba kundin ya ba shi maki mafi girma a ajin. Na biyu ya ce wannan Turancin ya fi ƙarfin malamin firamare daga ƙauye, a kira shi ya kare aikinsa da baki. Aka zaunar da shi gaban kwamiti. Tambayar farko ya fara amsawa ya sarƙe. Kafin ya warware aka jefo ta biyu, wani yana ƙarasa masa kalma, wani yana duba agogo. Ya yi nuni a ba shi takarda da alƙalami ya rubuta amsa, shugaban ya ce wannan jarrabawar ta baki ce. Lauwali ya ce mini a lokacin ya juya ya kalli Sama'ilu, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana gyara takardu.

Da Sama'ilu ya zo gida hutun Sallah, na same shi a ƙofar gidansu. Na tambaye shi wa ya rubuta jawabin da ya karanta ranar 'yancin kai. Ya ce:

"Yaya Dela, ki gane. Ni sabo ne a wurin. Da na yi magana cewa za su yi ina kare ɗan garinmu."

Na ce masa, "To ɗan garin wa za ka kare, in ka san gaskiyarsa?"

Ya ce zai duba abin da za a iya yi. Damina ta sake zagayowa, yana nan yana dubawa.

Lauwali ya koma aji a Babura, ba digiri, ga sunan ɓarawon rubutu a kansa. Ba ya zancen. Amma ya daina rubuta wa mutane komai, ko takardar ɗaurin aure aka kawo sai ya ce a kai wa wani. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ba alfarma nake nema ba. Ku da kuka zauna a kwamitin nan, in rubutu kuke aunawa, ku auna rubutu. Ku kira Lauwali, ku sa shi a ɗaki shi kaɗai, ku ba shi takarda da alƙalami, ku zaɓi duk tambayar da kuka ga dama daga cikin kundin, ku kulle ƙofa. Abin da ya fito ku duba shi a gaban shaidu, ku mayar masa da makinsa, ku goge abin da kuka rubuta a kan sunansa. Kai kuma Sama'ilu, ranar ka tashi tsaye da muryar nan taka mai daɗi, ka faɗa musu wanda ya rubuta maka jawabin da aka fara yi maka tafi a kansa.