Hannun Iya Talatu da Allurar Jijjiga

A Kafin Dafga, in mace ta fara naƙuda, kafin a ɗora ruwan zafi an aika kiran Iya Talatu. Ungozoma ce, a wurin uwarta ta gaji aikin, kuma yawancin samarin da ke noman gyaɗa a ƙauyen ita ta yanke musu cibiya. Ba ta da wani kayan aiki da ya wuce tafin hannunta. Takan ɗora shi a kan ciki ta jira. In cikin ya ɗaure kamar ƙwarya, ta ce aiki na tafiya. In ya saki ya daɗe bai ɗaure ba, ta ce mahaifa ta yi lalaci, ta ɗauko jiƙon saiwoyinta ta ba mai naƙuda ta kurɓa.

Da kakar bara jikarta Munawwara ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ya daina shiga.

"Iya, dubi ƙafata kamar turmi."

"Tafi can, raguwa! Namiji ne. Duk mai kumburin nan ɗa namiji take ɗauke da shi. Angona ne ke tafe."

Ciwon kan da ke damun yarinyar kuwa ba ta faɗa wa kowa ba, don mai cikin fari ba ta yawan ƙorafi a gaban manya.

Wata Laraba da hantsi suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Munawwara ta ce tana ganin wuta-wuta. Kafin a ankara ta faɗi tana jijjiga, tana taune harshe. Maƙwabta suka ce iska ce, a kawo turare. Iya Talatu ta taɓa ganin irin wannan faɗuwar, ba ta kuma manta yadda ta ƙare ba. Ta dubi ɗanta Badaru, uban yarinyar, ta ce, "Nemo mota. Karaye za mu."

A asibiti nas ɗin da ke aiki, Bahijja, ta yi wa Munawwara allura a hannu, ta ƙara mata a ɗuwawu. Jijjigar ba ta dawo ba. Da yarinyar ta farfaɗo ta ce, "Iya, zafi nake ji kamar an sa ni a tanda, jikina duk ya mutu." Naƙuda ta riga ta fara tun a mota, amma da Iya ta ɗora hannu sai ta ji cikin ya yi sanyin ɗaurewa. Ta dubi hagu da dama, ta zaro wata robar jiƙo daga ƙarƙashin mayafi.

"Iya, mene ne a robar nan?" Ashe Bahijja na bayanta.

"Ruwa ne, 'yar nan."

"Ruwa baƙi wuluk haka?"

"Ke, tun ba a yaye uwarki ba nake karɓar haihuwa. Naƙudar nan ta kwanta, ko ba ki gani?"

Bahijja ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. "Na gani, Iya. Allurar da na yi mata sunanta magnesiyam. Aikinta ta kwantar da jijiyoyi kada jijjigar ta dawo. To mahaifa ma tsoka ce, ita ma takan ɗan saki. Yarinyar nan jininta ya hau, ba ta gama dawowa hayyacinta ba. Kika ɗura mata wannan za ta iya shaƙewa, kuma ba wanda ya san ƙarfinsa a kan jaririn. In naƙudar ta tsaya, akwai ruwan da za mu ɗaura mata da awo."

Iya ta daɗe tana juya robar a hannu. Sannan ta miƙe, ta fita, ta tsiyaye ta a gindin darbejiya.

Bayan la'asar Munawwara ta sauka. Bahijja ta kama hannun Iya ta ɗora shi a ƙasan cibiyar mai jego. "Yanzu ne nake tsoron sakin nan. In mahaifa ba ta ɗaure ba jini zai ɓalle. Ga wata mai naƙuda can tana jirana. Kika ji ta yi laushi, murza, ki ƙwala min kira."

Iya ta zauna, ko sallah ba ta tashi yi ba. Da fari abin na nan da tauri a ƙarƙashin tafinta. Can ta ji ya saki kamar ƙullun ƙosai, zanin kuma ya fara jiƙewa.

"Malama! Malama Bahijja! Ta saki!"

Tana murzawa tana salati har nas ta iso a guje da allura. Sannu a hankali mahaifar ta dunƙule, jinin ya tsagaita.

Da Munawwara ta samu bakin magana, ta dubi jaririyar da ke naɗe a gefenta ta ce, "Iya, ina angon naki?"

"Rufe min baki, ja'ira. Mace ma mutum ce."

Har yau Iya Talatu na karɓar haihuwa a Kafin Dafga. Sai dai in mai ciki ta zo gaishe ta, takan ce ta miƙo ƙafa, ta danna babban yatsa a idon sawu. In wurin ya lotsa bai taso ba, ba ta ƙara cewa namiji ne. Cewa take, "Gobe da sassafe a je a auna jininki. In mijinki ya ce ba hali, turo min shi."