Ba Akuya Ce Ta Ci Katunan Kawu Inusa Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Inusa, ƙanin mahaifiyata, kuma yau zan wanke akuyar maƙwabcinmu Baba Alasan daga zargi. Ni na ɗauki katunan. Ina ɗan shekara goma a gidanmu na unguwar Tishigu, na zari guda tara daga kwalin takalmin da ke ƙarƙashin gadonsa, na maƙala su a tayar kekena don ya riƙa ƙugi kamar babur. Kafin la'asar sun zama gari.

Ban san cewa kowane kati bayanin littafi guda ne ba. Kawu yana binciken digiri kan mata masu sana'ar man kaɗanya. Duk littafin da ya karanta sai ya rubuta sunansa da na marubucin da shekarar bugawa, a ƙasa kuma layi huɗu: me ya ce, ina ya yi daidai, ina ya shara ƙarya. Malaminsa ya ce ya kawo cikakken jerin littattafan ranar Litinin, ko ya jira baɗi.

Da ya ƙirga ya ga babu tara, ihun da ya yi na rantse har unguwar Changli an ji. Ya shaƙo wuyan rigata.

"Kai, Sule, wa ya shiga ɗakina?"

Na nuna akuyar maƙwabcinmu. Kawu ya bi ta da taɓarya, Baba Alasan ya fito da sanda. Aka kife tukunyar tuwo, aka fasa randa, haƙorin Baba Alasan ya yi tsalle ya faɗa kwata, goshin Kawu ya tsage jini har gemu. Ni kuwa ina bayan Mma, mahaifiyata, na fi kowa salati.

Da tsumma ɗaure a ka Kawu ya zauna sake karanta littattafan taran. Na ce ya rubuta daga ƙwaƙwalwa mana, wa zai sani?

"Littafin da ba ya gabana, ba na yi masa shaida," in ji shi.

Yau yayyenmu a jami'a waya suke latsawa, ta zubo musu jerin littattafai hamsin da ba su taɓa shinshinawa ba, wasu ma ba a taɓa rubuta su ba. Da Kawu yana nan, taɓaryar nan ba za ta huta ba.

Ya gama takwas. Littafi na tara yana hannun wani abokinsa a unguwar Kalpohin. Ranar Lahadi ya tada babur, ya dubi kekena, ya dube ni.

"Yau mashin ɗinka ba ya ƙara, Sule?"

Ya yi dariya ya tafi. A hanyar dawowa tifar yashi ta murƙushe shi, littafin yana cikin rigarsa.

Kwalin yana wurina, kuma daga cikinsa na koyi kada in yabi littafi ko in zage shi sai na karanta. Ba a miƙa binciken ba. Katin na tara har yau babu komai a kansa.