Babin Ƙarshe Yana Cikin Waya

Dattijon yana zaune a kan bencin mai gyaran waya, gwiwoyi a haɗe, kamar wanda ya kawo mara lafiya asibiti. Rigarsa fes take, amma ya ɓalla maɓalli ɗaya a ramin da ba nasa ba. Da alama babu mai duba shi kafin ya fito. A cinyarsa akwai waya naɗe cikin ɗankwali.

"Ta 'yata ce," in ji shi. "Littafi take rubutawa a ciki, labarin wata yarinya mai kiwon gizagizai. Babi-babi take sakewa, mutane suna karantawa a wayoyinsu. Saura babin ƙarshe ta saka, Allah ya karɓi abarsa."

Wayar tana ta ƙara. Masu karatu ne da ba su ji rasuwar ba, suna neman ƙarshen labari.

Mai gyara ya jujjuya ta, ya girgiza kai. "Baba, da yatsanta ta kulle. In na buɗe da ƙarfi, komai zai goge."

"Har yarinyar?"

"Har ita, Baba."

Dattijon ya sa hannu biyu ya karɓa, yana mayar da ita cikin ɗankwalin a hankali. Ƙila shekaru ya yi yana mata faɗan yawan danna waya.

"Bar ta haka, ɗana," ya ce. "Ranar da ta ce in zauna ta karanta mini, ce mata na yi sai na samu lokaci."