Wanda Ya Auna Hannuna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan nan, ƙaninka ya kira ofis ya ce ka cika, bayan ciwon ƙoda da ka daɗe kana ɓoyewa a bayan dariya.

Tela muke kiranka, alhali ba ka taɓa riƙe allura ba. Aikinka kula da kwamfutocin ɗakin karatunmu ne. Mu masu tsara bayanan littattafai a baƙar tagar kwamfuta muke wuni, wadda ba ta san hoto ba, sai dai ka rubuta umarni ta aikata. Kowa na iya sauko da tsarin gyara tagar daga intanet ya ɗora. Kai kuwa sai ka jawo kujera ka zauna a bayan mutum, ka zuba wa yatsunsa ido, ka ga abin da yake maimaitawa da inda yake tuntuɓe, sannan ka yanka masa daidai shi. Masu zumuɗin kwalliya, da ke lafta launuka da ƙare-ƙare har tagar ta riƙa buɗewa kamar mai ciwon baya, ka kan ce musu: "Jaki aka ba ka, ba amarya ba. Sauke kayan."

Bara hannuna na dama ya fara rawa. Na ɓoye, don na san ma'aikatarmu: da an ji ka yi tari, an fara auna kujerarka. Wata safiya yatsana ya zame na goge aikin mako guda. Ka maido mini da shi. Washegari ka zauna a bayana.

"Yaya, hannun nan fa?"

"Ina ruwanka da hannuna?"

"Babu. Da tagar nake."

Ka mayar da dogayen umarnina gajeru, kowanne harafi biyu, duk a ɓangaren hagu. Ka sa in na fara rubutu ita ta ƙarasa. Ka sa ba ta goge komai sai ta tambaye ni, kuma da salonka take tambayar: "Yaya, kin tabbata?" Har ka koma ga Allah ba ka faɗa wa kowa ba, ko matarka.

Yanzu bari in kai maka ƙara, kamar yadda na saba. Ba a tashi daga zaman makokinka ba shugabanmu ya ba da umarni a share kowace kwamfuta a mayar da ita iri ɗaya, wai babu mai gane ɗinkin Tela. Shi ne dai mutumin da ka nemi hutun jinya ya ce ka jira a gama aikin shekara. A wurin gaisuwa kuwa ya fi kowa tsawon addu'a. Na karanta littattafai da yawa a kan munafunci, ban taɓa ganin sa da rigar guga haka ba.

In aka share tawa, aikina ya ƙare, kuma sirrin da ka riƙe mini ne kaɗai hujjata. Jiya na shiga ofishinsa, na ɗora hannuna a kan teburinsa, na bar shi yana rawa tsakanin takardunsa.

"Ranka ya daɗe, shekara guda ke nan. Akwai aikin da na makara?"

Ya dubi bango, ya dubi fanka, bai dubi hannun ba. Ya ce a bar tawa tukuna. Ban san tsawon wannan tukunar ba. Amma daga yau da hannuna a fili zan shiga ofis, kuma na fara koyon gyara tsarin da ka ɗinka wa tagata da kaina, a hankali, da hagu.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya yalwata makwancinka, Ya rufa maka asiri ranar da asirai ke tonuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da maiɗakinka, da 'yan matanka biyu, da ƙaninka. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.